Kakar da Na Hana Abba Zuwa Gida

Jiya aka yi ruwan nan na bankwana, mai tsawa da yawa da ruwa kaɗan. Yau gari ya waye da raɓa a kan danga, kafin hantsi kuma zafin agazari ya sauko. Ana gasa sabuwar masara a bayan katangarmu. Kowa ya ji wannan ƙamshi sai ya ce Alhamdu lillahi, kaka ta zo. Ni ma ina faɗa, don ban fi ƙarfin godiya ba. Amma ba da daɗi nake faɗa ba, domin a irin wannan lokacin na yi takaba, shekarar da aka rufe mana layin waya.

Wanda bai zauna ƙasarmu a lokacin ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Saboda 'yan bindiga hukuma ta kashe layi, tun daga Sabuwa har Faskari har Ƙanƙara, ta tsayar da kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka. Waya ta koma fitila kawai. In mutum ya mutu a Daudawa, sai wani ya tako da ƙafarsa za ka ji. Injin niƙa ya tsaya don babu mai, muka tono duwatsun niƙan kakanninmu daga inda muka jefar da su muka wanke. Gishiri ya zama abin roƙo a ɗan murfin kwalba. Ga gero ya nuna a gonakin nesa, tsuntsu na ci, mu muna gida muna tafasa rama ba ƙuli. Ban taɓa ganin yunwa mai rainin hankali irin wannan ba, abinci a tsaye a fili kana hangensa daga bakin gari.

Malam, maigidana, bai iya kallon geronsa yana zubewa ba. Ya ɗauki lauje da safe ya tafi gonarsa ta hayin rafi. Da la'asar aka kawo shi a kan amalanke. Ba zan rubuta yadda aka ishe shi ba. Kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta, ni kuma na shiga ɗaki, wata huɗu da kwana goma a gabana.

Ɗana na fari, wanda muke kira Abba don sunan kakansa gare shi, yana can kudu yana aikin kwamfuta a kan wani injin haƙar mai a tsakiyar teku. In suka hau sai sun yi makonni kafin su sauko, kuma waya ba ta shiga wurin, sai dai wasiƙar kwamfuta, imel. A ƙarshen watan da aka yi rasuwar ne zai sauko.

Bayan sadakar uku sai yayan Malam, Alhaji, ya zo ya tsaya a bakin asabarina ya yi sallama, ya ce an sallami maganar yaro. Ya ba wani mai mota da zai fita Zariya saƙo, ya buga ma abokin Abba waya, shi kuma ya faɗa mashi da zarar ya taka ƙasa.

Na ce, "Alhaji, mi kuka ce a faɗa mashi?"

"Abin da ake faɗa ma kowa. Jikin babansa ya matsa, ya taho."

"Ta wace hanya zai taho?"

Ya ce ba a jefa ma ɗan nesa mutuwar uba a kunne, yana cikin baƙi, ba mai riƙe shi. Haka aka yi mashi lokacin da tsohonsu ya rasu yana Ikko, haka aka yi ma kowa. Gaskiyarsa, al'adar ce, kuma tausayi ne ya haife ta. Ni kaina an taɓa ɗauko ni daga Mabai da cewa Inna na nemana, na zo na ishe an shimfiɗa tabarmi. Amma waccan al'adar an yi ta ne lokacin da hanya take hanya. Duk ɗan da aka ce ma ubansa na kwance ba zai tsaya tambayar lafiyar titi ba, motar farko zai hau. Hanyar nan kuwa daga Funtuwa zuwa garinmu, a watan nan, motoci nawa suka shiga dajinta aka tsince su ƙofofi a buɗe. Ga shi duk garin nan ba wanda bai san ɗan Malam yana aikin mai ba, kuma a kunnen mutanenmu aikin mai rijiyar kuɗi ce.

Na ce a aika wani saƙon, a faɗa mashi gaskiya, a ce ya zauna inda yake. Alhaji ya ce, "Mairo, ke dai ki riƙe carbinki. Bokon nan da kika yi da furfura ne yake sa ki gardama da manya." Ya juya ya tafi. Mota kuma ba kullum take fita ba, wadda ta fita ma ba za ta ɗauki maganar mai takaba a kan ta Alhaji ba.

Furfurar gaskiya ce. Na haura arba'in kafin in riƙe fensir. A ajin yaƙi da jahilci na fara, ina zaune da sa'o'in ƙannena, daga nan na bi wata makarantar mata a Ƙanƙara inda aka tara tsofaffin kwamfutoci. Malamarmu ba ta yarda mu tsaya a danna hotuna ba, sai da ta sa muka saba da baƙin allon nan da ake rubuta ma na'ura umarni da hannu. Da Abba ya ga da gaske nake, ya bar mani tsohuwar kwamfutarsa ta cinya. Ya goge abin da ta zo da shi ya sa mata Linux, ya ce wannan tsarin ba a saye, ba a sata, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Da ita nake rubuta mashi wasiƙa da Hausata mai karkatattun layuka.

To amma ta ina wasiƙa za ta fita, gari ba layi?

Inna Tabawa ce ta kawo mani hanyar. Ita ce ungozomar unguwarmu, tsohuwa mai bakin tsiya, kuma tana taimakawa a ɗan asibitin da ke bayan layinmu. Tun da na shiga takaba kullum sai ta zo da wasu mata su daka mani, su niƙa, su ɗebo ruwa. Tana tankaɗe ta ce ai asibiti suna da wani faranti a kan rufi mai kallon sama, nasu layin bai mutu ba, da shi suke aika rahoton marasa lafiya. Na roƙe ta ta je ta roƙi jami'in. Ta dawo ta ce ya ƙi. Ya ce in ya aika saƙon mutum ɗaya gobe gari duk zai yi layi a ƙofarsa, jibi a ce yana ba 'yan daji labari, a zo a kwance farantin. A lokacin kalmar nan ta infoma ta fi maciji, in aka liƙa ma mutum ita ko ɗan'uwansa ba ya tsayawa kusa da shi. Ya kuma ce kada ya ga kowa da kwamfuta a harabarsa. Amma da Inna Tabawa ta zauna mashi a ofis ta ƙi tashi, ta tuna mashi ita ta yanke ma matarsa cibi, sai ya kama tafin hannunta ya rubuta lambar sirrin shiga layinsu da biro. Ya ce in na'urar Mairo za ta iya kamowa daga cikin ɗakinta, shi bai gani ba. Na san abin da ya sa ya yarda, ya tabbata ba za ta kamo ba.

Ta shigo da hannu a dunƙule sama kamar mai ɗauke da ƙwai, tana zagin zufa. Na kwafe.

Saura kamowa. Abin da ke kama layin iska, wato Wi-Fi, a cikin kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Abba ya taɓa aiko mani da madadinsa, wani ɗan abu kamar yatsa mai ƙaho ɗaya, ana tsira shi a gefe, sunansa adafta. Ban taɓa fitar da shi daga kwalinsa ba. Na fitar, na tsira. Akwai ɗan ido a jikinsa da ya kamata ya kawo wuta. Bai kawo ba. Na zare na hura na mayar, na canza rami. Shiru.

Na buɗe baƙin allo na tambayi kwamfuta abin da ke tsire a jikinta, yadda aka koya mana. Ta jero, ga sunansa nan a ciki. Wato ta gan shi, yarensa ne ba ta ji. Akwai 'yar manhajar da ke shiga tsakani, masu abin suna ce mata direba, ita ce babu. A kwanakin lafiya kwamfutar da kanta za ta ɗauko ta daga intanet. Ni kuma intanet ɗin nake nema. Na zauna ina kallon abin, na ji dariya mai ɗaci ta taso mani.

Wuta ma aune take. Farantin sola ɗaya gare mu a kan rufi, hadarin ƙarshen damina kuma ya ƙi barin rana ta zauna. Gari zai yi zafi kamar a tukunya, sama a rufe, ba ruwa ba rana. Batirin kwamfutar tsoho ne, in ya sha wunin safe zai ba ni daga azahar zuwa kafin la'asar, wata rana ko hakan bai kai ba. Sai rayuwata ta koma haka. Asuba carbi. Hantsi mata su zo, turmi ya tashi a tsakar gida, ana daka ana lissafa waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka sako, murya ƙasa ƙasa. Mu sha kunun da ba tsamiya. Masu gaisuwa su shigo su fita. Azahar in yi salla in saki asabari in jawo kwamfuta daga ƙarƙashin gado. Kowace rana wata yana ƙara cika, daga baya ya fara raguwa, ni kuma ina ganin Abba yana haɗa jakarsa.

A gindin kwalin adaftar na samu ɗan ƙaramin faifai. Na sa shi, na ga jaka mai sunan Linux, a ciki da takardar bayani da Turanci. Turancina na mai koyo ne. Da ƙamusun makaranta a cinya na bi ta kalma kalma, wuni biyu na batir suka tafi a nan. Abin da na fahimta shi ne ba dafaffiyar direba suka ba ni ba, ɗanyen kaya ne, ni zan haɗa ta a kan kwamfutata. Aka ce in shiga jakar in rubuta umarni ɗaya, make. Na rubuta. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. Kayan haɗin ma babu su a cikinta, sai an ɗauko daga intanet.

Ranar na rufe ta da ƙarfi har Inna Tabawa ta leƙo. Ta ce, "Halan ita ma takabar take?" Na ce ta bar ni. Ta ce ba za ta bari ba, ita ta taɓa kwana biyu a kan haihuwa ɗaya, ɗa ya juyo da ƙafa, ba ta ce a kira mota ba don babu motar. Ta ce in duba abin da ke cikin ɗakin, shi ke nan abin da Allah Ya ba ni.

Cikin ɗakin kuwa akwai filashin da Abba ya zuba ma kwamfutar Linux da shi. Yana cikin gwangwanin allura da zare, inda ya ce in ajiye kada in ba kowa ya sa waƙa. Na yi tunanin abin da aka gina gida da shi ba zai rasa ragowar kayan aiki ba. Na tsira shi na shiga jaka bayan jaka, yawancinsu ban san mi ne ne ba, har na kai wani lungu cike da ƙunshe-ƙunshen manhaja, ga make a cikinsu. Na ce a saka shi. Ya shiga. Na sake gwadawa, aka ce saura mai fassara, wanda ke juya ɗanyen kayan zuwa yaren na'ura. Na nemo shi, shi kuma ya ce ba zai zauna ba sai an fara shigo da wani, wancan ma ya ce sai da wani. Kamar bikin dangin miji, kowa da wanda ba ya zama in babu shi. Haka na riƙa bin su, in karanta sunan da aka nema, in koma lungun in lalubo, in saka, batir ya mutu, in jira gobe.

A cikin kwanakin ne aka tare wata mota a hanyar Funtuwa. Matan da suka zo daka suka faɗa, da sunayen mutum biyu da na sani. Alhaji ya zo gaisuwar yamma, na ji muryarsa ta canza, amma bai ce komai a kan saƙon ba, ni ma ban ce ba. Ina jin shi ma ya fara ƙirga kwanakin watan, girma ne ya hana shi juyawa.

Ranar da kayan suka cika na rubuta make, sai rubutu ya fara zubowa a baƙin allo, layi na korar layi, kamar ruwa daga indararo. Ban fahimci ko ɗaya ba. Ina kallonsa ina kallon alamar batir. Yana tsaka da zuba allon ya ɗauke. Washegari aka tashi da rana tas, irin wadda ke busar da kaya kafin a gama shanya. Na hana kowa cajin ko da fitila. Da azahar na sake. Ya zuba, ya zuba, ya tsaya da kansa ba tare da ƙorafi ba. Na rubuta umarnin girkawa, ta nemi kalmar sirrina na ba ta, na kashe ta na kunna.

Ɗan idon ya kawo wuta, shuɗiya, tana ƙiftawa.

Na danna inda ake ganin layukan da ke kusa. Na asibiti nake jira. Bai fito ba. Suna ɗaya ne ya fito, da cikakken ƙarfi, kuma na san shi kafin in gama haɗa baƙaƙen. Rumbun Malam.

Abba ne ya raɗa ma layin wayar babansa wannan suna, shekarun baya, lokacin da muke jan intanet daga gare ta, don tsokana, wai Malam yana tsaron datarsa kamar hatsin bazara. Wayar tana aljihun Malam ranar da ya tafi yankan gero. Da aka kawo shi ba ta ciki.

Ina zaune a kan tabarma, ƙofa a sake, ina jin turmin gidan gabas, ina jin wani yana kiran awaki, ina jin yara suna rigima a kan masara. Duk muryoyin na san masu su. Sun zo mani gaisuwa, wasunsu sun ɗauki makara. Irin wannan layin ba ya tafiya nesa, na san wannan tun a makaranta. Wayar tana nan kusa, a hannun wani. Ina kallo sunan ya ɗan jima, sannan ya ɓace, kamar an taɓa wani abu an kashe.

Na kira Inna Tabawa, ban faɗa mata abin da na gani ba. Na haɗa adaftar da doguwar igiyar da ta zo da ita a kwali muka ɗaure a kan gora, muka rataya tsohon zane a kai don mai hange ya ɗauka shanya ce. Ta fita tsakar gida ta ɗaga tana mita, wai da tsufanta an mai da ita sandar tuta. Na ce ta matsa wajen rumbu. Ta ƙara ɗagawa. Sai ga na asibiti ya leƙo, da ƙyar, rauni gare shi kamar numfashin jinjiri. Na sa lambar. Ya kama.

Na yi kwanaki ina shirya kalmomi masu taushi a raina. Duk na watsar. Na rubuta: Babanka ya rasu, kashe shi aka yi a gona, an binne shi. Saƙon Alhaji ba gaskiya ba ne. Kada ka zo. In ka zo ban yafe ba.

Ban taɓa faɗa ma ɗa nawa wannan kalmar ba, kuma ban so ta zama a kan mutuwar ubansa ba. Na tura, na ga ta fita, na ce ma Inna Tabawa ta sauke.

Washegari muka sake ɗaga gora. Amsarsa layi ɗaya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, to Umma. Daga baya na ji saura kwana kaɗan ya sauko, kuma da ya sauko abokinsa yana bakin ruwa yana jiransa da saƙon Alhaji.

Bai zo ba. Da wata ya ƙare wani ya shiga aka ga shiru, Alhaji ya gane. Ya ce na raba ɗa da kabarin ubansa, na zubar mashi da girma a idon dangi. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana. Dawar da ke kusa da gari maza suka yanke a gungu, da sauri, wasu na yanka wasu na kallon daji. Geron hayin rafi a nan ya ruɓe.

Yanzu layi ya dawo, kasuwar Ƙanƙara na ci, injin niƙa ya hana mu jin kiran salla kamar da. Jikokina suna danna waya ba su san akwai lokacin da ta zama fitila ba. Amma Abba bai taka garin nan ba har yau. Ni nake zuwa Zariya mu haɗu a gidan ƙanwata, duk lokacin da ya samu hutu.

A zuwan farko bayan na fita takaba, ya rame, ya zauna nesa da ni a bakin tabarma. Ya ce ya bi maganata, amma yanzu hanya ta yi sauƙi, yana so ya je ya tsaya a kan kabarin, ko na minti kaɗan ne. Na ce a'a. Ya ce, "Umma, har yaushe?" Na ga in ban faɗa mashi ba wata rana zai hau mota bai gaya mani ba. Sai na faɗa mashi abin da ya fito a allon, sunan da shi da kansa ya raɗa.

Shi ya fi ni sanin nisan da irin wannan layi yake kaiwa, na ga yana aunawa a ransa, gida gida, mutanen da suka goya shi.

Ya ce, "Gidan wa?"

Na ce, "Adaftar ba ta nuna gida. Na asibiti dai sai da muka ɗaga gora. Na babanka ina cikin ɗaki ya ishe ni."